Wa Ya Goge Aikin 'Yan SS3? Mu Tambayi Rajistar Kwamfuta

A wannan mako mun zo muku da kalma guda mai harafi huɗu, wato grep. Amma kafin mu faɗi ko mece ce, bari mu ba ku labarin yadda ta fitar da wani ɗalibi kamarku daga zargi.

Wata Litinin da safe wani malamin kwamfuta, abokinmu ne, ya kira mu a waya, muryarsa babu daɗi. A makarantarsu akwai ɗakin kwamfuta, na'urorin cikinsa duk a haɗe suke da wata babba guda ɗaya da ke kusurwa, irin wadda ake kira uwar garke. A cikinta 'yan SS3 suke adana aikin gwajin da suka shafe makonni suna yi. Saura kwana huɗu a miƙa aikin don ba da maki, sai aka wayi gari foldar gaba ɗaya ta ɓace.

Nan take idon kowa ya koma kan firifet na ɗakin. Shi ke riƙe da makulli. Bayan malam, asusunsa ne kaɗai ke da ikon goge irin wannan folda, malam kuwa ya yi tafiya a makon da ya wuce. Ga shi kuma an ce ya yi cacar baki da wasu 'yan ajinsu. Shugaban makaranta ya riga ya yanke cewa ranar Laraba a filin asambuli za a karɓe bajonsa, sannan a kira mahaifinsa.

Da muka isa, mun tarar da yaron a tsaye bakin ƙofa, idonsa ya yi ja. Abin da ya iya faɗi kawai shi ne, "Wallahi Malam ban taɓa foldar nan ba." Malam ya ce, "To ai ka ji, tun safe abin da yake ta maimaitawa ke nan." Muka ce kada a yi gardama, akwai wani mai shaida da ba a tambaya ba tukuna. Ita kanta kwamfutar.

Mece ce rajistar kwamfuta?

Kun san rajistar aji, wadda ake kiran suna kullum da safe. Kun kuma san littafin maigadi a bakin get, inda ake rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita da lokacinsu. To kwamfuta ma tana da irin nata. Duk abin da ya faru a cikinta, takan rubuta layi guda ta adana a wani fayil: an kunna ta, wani ya shiga da kalmar sirri, wani ya yi kuskuren kalmar sirri, wata manhaja ta tsaya cak, ma'adana ta cika. Masana suna kiran irin wannan fayil log. Mu za mu riƙa ce masa rajista.

Kwamfutar makarantar tana aiki ne da Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in babbar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. A irin wannan kwamfuta, akan tara rajistoci a folda mai suna /var/log. Mai suna auth.log ita ce ta shige da fice da kuma amfani da ikon shugabanci. Mai suna syslog ita ce ta al'amuran yau da kullum. A dangin Red Hat, ta shige da ficen sunanta secure.

Matsalar ita ce yawa. Rajista guda tana iya ɗauke da dubban layuka, akasarinsu ba su da alaƙa da abin da ya dame ka. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, sai barci ya ɗauke shi kafin ya kai rabi, kuma wataƙila ya tsallake ainihin layin bai lura ba. A nan grep yake shigowa.

Shi kuma grep fa?

Wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake kira daga tagar umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, babu hoton da za a latsa. Aikinsa ɗaya ne tak: ka ba shi kalma, ka ba shi sunan fayil, ya fito maka da duk layin da kalmar take ciki, ya bar sauran.

Ya girmi iyayen da yawa daga cikinku. Ken Thompson ne ya rubuta shi a farkon shekarun 1970 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, inda shi da Dennis Ritchie suka gina babbar manhajar Unix. A wancan lokaci akwai wata manhajar gyara rubutu mai suna ed. A cikinta, idan kana son ganin duk layukan da ke ɗauke da wani abu, sai ka rubuta g/re/p. Harafin g yana nufin a bi fayil ɗin duka, re shi ne siffar abin da ake nema, p kuma a nuna shi. Thompson ya cire wannan ɓangare ya mai da shi manhaja mai zaman kanta, sunan kuma ya bi ta. Yau fiye da shekara 50 ke nan, kuma har gobe da shi injiniyoyi suke aiki.

Tambaya ta farko: shiru

A Ubuntu, duk wanda zai yi wani babban aiki sai ya fara umarninsa da kalmar sudo, wato ya ari ikon shugabanci. Duk lokacin da aka yi haka, rajista takan rubuta layi mai ɗauke da kalmar COMMAND tare da ainihin umarnin. Umarnin gogewa kuma shi ne rm. Don haka, da izinin malam, muka rubuta:

sudo grep "COMMAND" /var/log/auth.log

Ku lura da tsarin: sunan manhaja, sai abin da ake nema a cikin alamun zance, sai sunan fayil. Layuka kaɗan suka fito, duk na jiya da yau ne, babu rm a ciki. Malam ya ce, "Ka ga, har rajistar ma an goge." Muka ce a'a, kada mu yi saurin yanke hukunci.

Wannan ne darasi na farko. Idan grep bai sami komai ba, shiru kawai yake yi, ba ya ba da haƙuri, ba ya ba da shawara. Shirunsa ba ya nufin abin bai faru ba. Yana iya yiwuwa ka nemi kalmar da ba ita ba, ko ka duba fayil ɗin da ba shi ba. Kamar yadda ake ajiye rajistar zangon da ya wuce a ofis a buɗe sabuwa, haka kwamfuta take yi. Ubuntu takan rufe wannan rajista mako-mako. Ta makon jiya sai ta koma auth.log.1, waɗanda suka fi tsufa kuma a matse su don kada su ci wuri, su zama auth.log.2.gz da makamantansu. Waɗannan matsattsun ana bincika su ne da ƙanen grep mai suna zgrep, tsarin rubutawar duk ɗaya ne.

Tambaya ta biyu: ga sunansa ɓaro-ɓaro

Sai muka koma ta makon jiya, muka ƙara wata dabara:

sudo grep "COMMAND" /var/log/auth.log.1 | grep -w "rm"

Wannan miƙaƙƙen layi da ke tsakiya ana ce masa bututu. Abin da umarnin farko ya fitar, shi yake zubawa cikin na biyu. Kamar tankaɗe ne da rariya biyu: ta farko ta tsame duk layukan sudo, ta biyu ta tsame masu rm daga cikinsu. Shi kuma -w cewa yake a nemo rm a matsayin cikakkiyar kalma, ba haruffa biyu da suka faɗo tsakiyar wata kalma ba. Layi ɗaya ya fito:

Feb 11 10:42:07 lab sudo: firifet : TTY=pts/0 ; PWD=/srv ; USER=root ; COMMAND=/usr/bin/rm -r aikin-ss3

Mu karanta shi tare. Ranar 11 ga Fabrairu, ƙarfe 10:42 na safe, a kwamfuta mai suna lab, asusu mai suna firifet ya ari ikon shugabanci ya goge folda mai suna aikin-ss3 da duk abin da ke cikinta. Malam ya juya ya kalli yaron. Yaron ya kalli allo, ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba.

Da a nan muka tsaya, da an hukunta marar laifi, kuma da hujja a hannu. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne zuciyar darasin yau: rajista ba ta san mutum ba, asusu ta sani. Ta ce asusun firifet ya yi gogewa. Ba ta ce ga wanda ke zaune a kan kujera ba.

Tambaya ta uku: me ya faru kafin nan?

Layi ɗaya da aka tsinto shi kaɗai kamar jimla ce da aka yanko daga tsakiyar hira. Sai an ji abin da ya gabace ta ake gane ta. grep yana da hanyar yin haka:

sudo grep -B 15 "aikin-ss3" /var/log/auth.log.1

Wannan -B 15 yana nufin a haɗo da layi 15 da suka zo kafin wanda aka samu. Da -A muka sa, na bayansa za a haɗo. Shi kuwa -C yana kawo na gaba da na baya duka. A cikin abin da ya fito, layuka uku suka ja hankalinmu:

Feb 11 10:38:51 lab sshd[2214]: Failed password for firifet from 192.168.1.23 port 50412 ssh2

Feb 11 10:39:06 lab sshd[2214]: Failed password for firifet from 192.168.1.23 port 50412 ssh2

Feb 11 10:39:30 lab sshd[2214]: Accepted password for firifet from 192.168.1.23 port 50412 ssh2

Layi biyu na farko suna cewa an shigar da kalmar sirri ba daidai ba. Na uku yana cewa an karɓa. Kalmar sshd tana nuna ba a gaban uwar garken aka zauna ba, daga wata kwamfutar aka shigo ta cikin hanyar sadarwar makaranta. Lambar nan 192.168.1.23 kuwa ita ce adireshin waccan kwamfutar.

Tambayoyi suka taso. Yaron da ke shiga asusunsa kullum, me zai sa ya yi kuskure har sau biyu a jere? Yana iya faruwa, amma abin lura ne. Wace kwamfuta ce mai lamba 23? Malam ya ɗauko takardar da ya rubuta lambobin na'urorin, sai ga shi ba a ɗakin kwamfuta take ba, ta ɗakin malamai ce, inda ɗalibi ba ya shiga sai an kira shi. Ina yaron yake ranar Talata da ƙarfe 10:39? Sai a lokacin ya ɗago kai ya ce, "Malam, muna gwajin Kemistiri." Aka je wurin malamar Kemistiri, ta fito da takardarsa, ta kuma tabbatar bai fita ba sai da aka kaɗa ƙararrawa ƙarfe 11.

Saura abu ɗaya: agogon kwamfutar daidai yake? A wurin da ake yawan ɗauke wuta, idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, lokaci yakan rikice, duk rajistar kuma ta bi shi. Muka rubuta date, lokacin da ya fito ya yi daidai da na wayoyinmu, malam kuma ya ce ba a taɓa agogon ba.

Tambaya ta ƙarshe: don me?

Muka leƙa ɗaya rajistar, muna neman ko akwai wata matsala a wannan mako:

sudo grep -i "no space" /var/log/syslog.1

Wannan -i yana sa grep ya daina bambanta babban harafi da ƙarami. Idan ba a sa shi ba, a wurin grep Error daban, error daban. Layuka suka zubo, duk suna kukan abu ɗaya: ma'adanar kwamfutar ta cika maƙil tun safiyar wannan Talata.

Da aka kai maganar ɗakin malamai, wani malami ɗan hidimar ƙasa ya dafe kai. Shi ne. Ya zo adana makin ɗalibai, kwamfuta ta ce babu wuri, malamin kwamfuta kuma ba ya gari. Ya san firifet ya rubuta kalmar sirrinsa a 'yar takarda ya ajiye a durowar tebur, sai ya ɗauko. Kuskure biyun nan, kwafar rubutun hannun wani ce ta jawo su. Ya ga folda mai suna aikin-ss3, ya zaci ta 'yan bara ce, ya goge don a sami wuri. Bai ma san abin da ake ta rigima a kai ke nan ba, domin bai je makaranta da safe ba. Shi da kansa ya je wurin shugaban makaranta, ya kuma nemi afuwar yaron.

Ba komai ne ya dawo ba. Abin da rm ya goge ba ya zuwa kwandon shara da za a ɗauko shi. Waɗanda suka kwafi aikinsu a filashi sun tsira, sauran sai da suka sake daga farko, aka ƙara musu mako biyu. Firifet ya riƙe bajonsa, amma ya sha faɗa a kan takardar durowa. Malam ma ya amsa nasa laifin, na rashin buɗe wa kowane malami asusunsa da rashin ajiye kwafi a wani wuri.

Ba yau aka fara ba

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. A 1986, a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke jihar California a Amurka, an ba wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll aikin gano dalilin da ya sa lissafin kuɗin amfani da kwamfuta ya saɓa da santi 75, wato ko dala ɗaya bai kai ba. Da wani ne, da ya ce kuskuren lissafi ne ya wuce. Shi kuwa ya zauna ya bi rajistoci, sai ya gano wani ne yake shigowa ba da izini ba. Ya shafe watanni yana bin sawu, yana rubuta duk abin da ya gani da lokacinsa, har aka gano mutumin a birnin Hanover na Jamus ta Yamma. Sunansa Markus Hess, kuma yana sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, bayanan da ya sato. Kotu ta same shi da laifi a 1990. Stoll ya ba da labarin a littafinsa mai suna The Cuckoo's Egg, wanda ya fito a 1989. Abin da ya yi amfani da shi, shi ne abin da muka yi amfani da shi a ɗakin kwamfutar nan: haƙuri, da ƙin yarda da amsar farko.

Sauran makaman grep

Ga wasu da ya kamata ku rubuta a bayan littafinku. Idan ka sa -n, za a nuna lambar kowane layi, don ka san inda za ka koma. Idan ka sa -c, adadin layukan kawai za a ba ka. Misali, wannan zai faɗa maka sau nawa aka yi kuskuren kalmar sirri:

sudo grep -c "Failed password" /var/log/auth.log

Ku lura, layuka yake ƙirgawa, ba kalmomi ba. Ko kalma ta fito sau uku a layi guda, ɗaya zai lissafa. Shi kuma -v juya aikin yake yi, ya nuna duk layin da ba ya ɗauke da kalmar. Yana da amfani wajen share surutu, kamar layukan CRON da ke cika rajista. Idan ba ka san fayil ɗin da abin yake ciki ba, -r zai bi folda duka, fayil bayan fayil. Idan kuma kalma biyu kake nema a lokaci ɗaya, sai ka ce:

grep -E "Failed|Accepted" auth.log

A nan miƙaƙƙen layin da ke cikin alamun zance yana nufin ko wannan ko wancan. Haka kuma alamar ^ tana nufin farkon layi, $ kuma ƙarshensa. Don haka "^Feb 11" zai kawo layukan da suka fara da wannan rana kaɗai.

Akwai tarko guda da ke kama ko da ƙwararru. A wurin grep, ɗigo yana nufin kowane harafi. Ban da haka, idan ka nemi 192.168.1.2, zai haɗo maka da 192.168.1.23 da 192.168.1.25, tunda duk sun fara da lambobin da ka rubuta. Ka ga sai a ɗora wa wata kwamfuta laifin wata. Maganinsa shi ne a sa -F, wanda ke cewa a ɗauki rubutun yadda yake, a haɗa da -w.

Wasu sababbin nau'o'in Linux ba sa ajiye auth.log. A irinsu, umarnin journalctl ne ke fito da rajista, sai ka zuba ta cikin grep ta bututu. Masu Windows kuma suna da findstr, wanda ke irin wannan aiki a kan fayilolin rubutu:

findstr /i /n "ruwa" rajista.txt

grep da Hausa

grep bai san Turanci ba, bai san Hausa ba, haruffa kawai yake gwadawa. Idan ka nemi ruwa, zai kawo maka faruwa da taruwa. Idan ka sa -w don ka kore su, to ruwan sama ma zai tafi, domin a wurinsa ruwan ba ruwa ba ne. Sannan ga haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya nemi ƙasa ba zai ga layin da aka rubuta kasa ba, alhali mutane da yawa haka suke rubutawa a waya. Sai ka sa haruffan biyu a cikin baka mai kusurwa:

grep -i "[kƙ]asa" labari.txt

Wannan yana nufin ko k ko ƙ, sannan asa. Haka za ka yi da d da ɗ, da kuma b da ɓ.

Aikin gida

Ba sai kana da uwar garke ba. Idan akwai Linux ko Mac a makarantarku, grep yana ciki. Mai wayar Android kuma zai iya sauke manhajar Termux, wadda ke ba da tagar umarni a kan waya. Ka ƙirƙiri taka rajistar da waɗannan umarni, ɗaya bayan ɗaya:

echo "Litinin 7:40 lamba12 ya zo" >> rajista.txt

echo "Litinin 8:15 lamba7 ya makara" >> rajista.txt

echo "Talata 8:20 lamba7 ya makara" >> rajista.txt

echo "Talata 7:35 lamba12 ya zo" >> rajista.txt

Alamar >> tana ƙara layi a ƙarshen fayil. Ka yi hattara kada ka sa guda ɗaya, domin > share abin da ke ciki take yi ta rubuta sabo. Ka ƙara layuka har su kai 20, ka sa lamba1 da lamba17 a cikinsu. Sannan ka amsa waɗannan: Wane umarni ne zai ƙirga sau nawa aka makara? Wanne ne zai nuna layukan Talata kaɗai? Wanne ne zai nuna lamba1 ba tare da ya haɗo da lamba12 da lamba17 ba? Wanne ne zai nuna waɗanda suka makara ranar Litinin, ta hanyar amfani da bututu?

Gargaɗi kafin mu rufe

grep karatu kawai yake yi, ba ya canza komai a fayil, don haka kada ku ji tsoron gwada shi. Amma sudo da rm ba abin wasa ba ne, kun dai ga abin da suka jawo. Kada ka kwafi umarnin da ba ka san aikinsa ba. Kada kuma ka buɗe rajistar kwamfutar da ba taka ba sai da izinin mai ita, domin akwai sirrin mutane a ciki. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Kalmar sirrinka kuwa, kada ka ba aboki, kada ka bar ta a durowa. Duk abin da aka aikata da ita, sunanka rajista za ta rubuta.

Hausawa suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Idan wata rana aka zo maka da hujja a kan wani, ko layin rajista ne ko hoton hira a waya, ka tambaya: me ya zo kafin wannan, me ya biyo baya, kuma wa ke riƙe da na'urar a lokacin?

Ku rubuto mana amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga na waɗanda suka dace. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen kalmar sirrin da ba sai an rubuta ta a takarda ba. Mu kwana nan.